Garin neman gira: Yadda muka kusa rasa muryoyin dattawan Dakoro a kwamfuta

Daga Dakoro, Jihar Maraɗi

Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Mu ma'aikatan wani ƙaramin gidan rediyo da ke nan Dakoro mun ga zahirin wannan magana a wata ranar Talata cikin tsananin zafin bazara, sa'ad da aikin da muka tara shekara da shekaru ya ɓace daga kwamfuta cikin lokacin da bai kai na dafa shayi ba. Babu ɓarawon da ya haura mana katanga, babu gobara. Gyara muka so yi, gyaran kuwa ya zo da gardama.

Mun daɗe muna shawarar ko mu ba da wannan labari ko mu rufa wa kanmu asiri, domin ba abin alfahari ba ne. To amma da muka dubi yadda ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a faɗin Jihar Maraɗi suka ɗora dukkan ajiyarsu a kan kwamfuta guda, sai muka ga yin shiru zai zama rashin kyautawa. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yawanci yana nan da sauran numfashi, kuma abin da ke ƙarasa shi shi ne gaggawar da ake yi bayan gogewar.

Abin da ke cikin faifan

Ga wanda bai san Dakoro ba, gari ne da ke kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, daidai inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Tun a shekarar 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma wannan iyaka ta yankinmu ta ratsa, ta wajen kwarin Tarka. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye makiyaya duk a nan suke haɗuwa, a kasuwa da bakin rijiya. Saboda haka duk shekara, daga faɗuwar damina har zuwa kaka, maganar burtali da rijiyoyi da ɓarnar dabbobi ce kan gaba a bakin jama'a. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, an kuma ƙara da dokar kiwo ta 2010, amma har gobe idan gardama ta tashi a kan inda burtali ya bi, dattijo ake nema a tambaya.

Tun da aka buɗe gidan rediyon al'umma na farko a Bankilare a shekarar 1999, ƙananan gidajen rediyo suka bazu a ƙasar nan, kuma da yawansu sun zama ma'ajiyar tarihi ba tare da sun shirya wa hakan ba. Mu ma haka abin ya same mu. Shekaru muka yi muna hawa babur da rikoda a jaka, muna zuwa ƙauyukan ƙasar Kornaka da Birnin Lalle da Ɗan Gulbi, har rugagen wajen Bermo, muna hira da tsofaffi maza da mata. Wani ya ba mu labarin wanda ya gina rijiyar garinsu da yarjejeniyar shayar da dabbobi da aka yi a kanta. Wata ta ba mu labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta. Wasu kuma sun faɗi abin da idonsu ya gani a 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro. Mafi yawan waɗannan dattawa yanzu sun riga mu gidan gaskiya.

Hirarrakin farko a kaset muka ɗauke su. Daga baya muka juye su cikin kwamfuta, kaset ɗin kuwa zafi da ƙurar hunturu suka cinye wasu, wasu kuma muka ɗora sabbin shirye-shirye a kansu saboda rashin kuɗin saye. Ta haka komai ya tattara a kwamfuta guda da ke kusurwar ofis, wadda sauran kwamfutocin ɗakin watsa shiri da na tacewa ke ɗiban kaya daga gare ta ta hanyar waya. Irin wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke. A cikinta akwai manyan kundaye huɗu, wato Kiɗa da Labarai da Sanarwa da kuma Tarihi, inda muryoyin dattawan suke.

Yadda abin ya faru

Faifan ajiyar da ke cikin uwar garken an raba shi gida biyu. Sashe na farko, mai suna C, shi ke ɗauke da manhajar Windows da ke tafiyar da na'urar. Na biyu, mai suna D, shi ke ɗauke da kundayenmu. Da tafiya ta yi tafiya sai sashen C ya cika maƙil, kwamfuta ta riƙa nauyi, har takan tsaya cak ana tsakiyar karanta sanarwar rasuwa. Akwai wani matashi mai ƙoƙari da ke taimaka mana da gyaran na'urori ba tare da ya karɓi ko dala ba, shi ya kawo shawarar a yanko wuri daga sashen D a ƙara wa C.

Matsalar ita ce, kayan aikin da Windows ke zuwa da shi ba ya yarda ya faɗaɗa sashe sai in akwai fili babu kowa a manne da shi ta gaba. Don haka tsarin da aka yi shi ne a kwashe duk abin da ke D a zuba a wani faifai na waje, a rushe D, a faɗaɗa C, a sake gina D ƙarami, sannan a maido da kaya. A baki tsari ne mai kyau, kuma dukkanmu muka amince. Da daren Litinin ya sa kwafi ya tafi gida. Cikin dare aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, kwafi ya katse.

Da safe ya kunna ta, ya buɗe faifan wajen, ya ga sunayen kundayen huɗu reras. Abin da bai duba ba shi ne nauyinsu. Kwamfuta tana bin sunaye ne bisa jerin haruffa, ta gama Kiɗa da Labarai da Sanarwa, ta fara Tarihi ke nan wuta ta tafi. Kundin yana nan da sunansa, amma 'yan fayil kaɗan ne a ciki. Ya rushe sashen D. Windows ta tambaye shi ko ya tabbata, domin duk abin da ke ciki zai tafi, ya amsa da e. Ya faɗaɗa C, ya gina sabon D, ya yi masa wankin gaggawa, ya fara maido da kundin Kiɗa.

Wajen ƙarfe goma wata abokiyar aikinmu ta nemi wata hira don shirin yamma, ta buɗe Tarihi a faifan wajen ta tarar da shi kusan wayam. Muna jin muryar yaron nan har yanzu, yana cewa, "Yaya, wallahi na kwafe, da idona na gani." Nan ofis ya rikice. Kowa da tasa dabarar. Ɗayanmu ya zauna ya shiga intanet ya fara sauko da wata manhajar maido da fayil a kan ita uwar garken. Allah Ya taimake mu shugabanmu ya tuna da wani ɗan uwa mai gyaran kwamfuta a Maraɗi, ya buga masa waya. Bai bari an gama yi masa bayani ba ya ce, "Malam, ku kashe ta yanzu-yanzu, ku zare wayar wuta. Kada wanda ya ƙara taɓa ta."

Me ke faruwa idan an goge fayil?

Don mai karatu ya gane dalilin wannan umarni, a ɗauki faifan ajiya kamar babbar kasuwa mai dubban rumfuna, kowace da lambarta. Sarkin kasuwa yana da littafi inda ya rubuta cewa kayan wane suna rumfa ta kaza zuwa ta kaza. Idan aka ce wa kwamfuta ta goge fayil, ba ta zuwa rumfa ta kwashe kaya, domin wannan aiki ne mai cin lokaci. Abin da take yi kawai shi ne ta soke sunan a littafi, ta rubuta cewa rumfunan nan ba su da mai su. Kayan suna nan zaune har ranar da aka ba wani sabon ɗan kasuwa rumfar ya zuba nasa a kai. Daga ranar nan kam sai dai haƙuri.

Shi kuwa raba faifai sashe-sashe tamkar jan danga ne a tsakiyar kasuwar, kowane ɓangare da littafinsa. Bayanin inda kowace danga ta fara da inda ta ƙare yana rubuce a wani ɗan gurbi da ke farkon faifan. A tsohon tsari, wanda aka fara aiki da shi tun 1983, gurbin nan wurin haruffa 512 ne kacal, kuma 64 daga ciki su ke ɗauke da bayanin sassa huɗu. Sabon tsarin da ake kira GPT yakan ajiye kwafi na biyu a ƙarshen faifai. Wanda ya rushe sashe, 'yan haruffan nan kawai ya share. Rumfuna da kaya da littafin sarkin kasuwa duk suna nan. Da a nan muka tsaya, da cikin 'yan mintuna an mayar da dangar inda take, komai ya dawo da sunansa.

Wanke faifai, wanda masu gyara ke kira fomatin, shi ma iri biyu ne. Na gaggawa sabon littafi kawai yake buɗewa, ya bar yawancin kayan rumfuna. Cikakken wanki kuwa, tun daga Windows Vista da ta fito a 2007, bin rumfuna yake ɗaya bayan ɗaya yana cika su da sifili, bayansa babu abin da ke saura. Mu na gaggawa aka yi mana, kuma bai yi mana ɓarna mai yawa ba. Ɓarnar ta zo ne daga abin da ya biyo baya. Duk waƙar da aka maido cikin sabon D ta sauka ne a kan wani abu na da. Manhajar da ɗan uwanmu ya sauko da ita da niyyar ceto, ita ma wuri ta nema ta zauna a faifan. Ita kanta Windows, muddin tana kunne, ba ta daina 'yan rubuce-rubucenta a ɓoye. Kowane minti da kwamfutar ta ƙara a kunne, ana rabar da rumfunanmu ga baƙi.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a sani a nan. Fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar waya, alhali yana zaune a uwar garke, ba ya shiga kwandon sharar Windows, tafiya yake kai tsaye. Haka ma wanda aka goge daga memori ko 'yar kile, wadda 'yan uwanmu na Nijeriya ke kira filas. Sannan sabbin faifan da ake kira SSD, waɗanda babu abin da ke juyawa a cikinsu, sukan share guraben da aka saki da kansu jim kaɗan bayan gogewa, don haka da wuya a maido da wani abu daga cikinsu. Sa'armu ɗaya, namu tsohon yayi ne mai juyawa.

Yadda aka ceto abin da aka ceto

Washegari aka kwance faifan, aka naɗe shi a rawani, ɗayanmu ya rungume shi a motar haya har Maraɗi. Abu na farko da mai gyaran ya sa muka yi shi ne sayen sababbin faifai, kuɗin da ya kai albashin wata na wasunmu. Ya haɗa namu da wata kwamfuta daban, ya yi amfani da wata manhaja mai suna ddrescue ya kwafe shi gurbi bayan gurbi, har da guraben da kwamfuta ke cewa babu komai a cikinsu. Daga nan ya ajiye na ainihin a aljihun tebur, ya ci gaba da aiki a kan kwafin. Ya ce ko da hannunsa ya kuskure, asalin yana nan.

Manhajojin da ya yi aikin da su na kyauta ne, kowa na iya samu. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya ƙirƙiro biyu daga cikinsu. Ta farko, TestDisk, wadda ta fito tun 1998, aikinta neman sawun tsohuwar danga ne. Ta bi faifan ta gano inda tsohon sashen D ya fara, ta kuma sami littafinsa, sai dai an riga an taka wasu shafukan. Duk fayil ɗin da shafinsa ya tsira, ya fito da sunansa da kwanan watansa. Mai gyaran bai yarda ya mayar da tsohuwar dangar ba, tunda an gina sababbi a kanta. Kwashe fayilolin ya yi zuwa faifai na uku, domin ba a zuba abin da aka ceto a inda ake ceto shi.

Ta biyu, PhotoRec, ba ruwanta da littafi. Rumfa-rumfa take bi tana leƙawa, kuma tana gane ɗaruruwan nau'o'in fayil ta alamar da kowane ke farawa da ita, na sauti ne ko na hoto ko na rubutu. Tana tsamo abubuwa da yawa, amma ba ta san sunansu ba. Kowane fayil da harafin f da dogon jerin lambobi yake fitowa. Muka dawo Dakoro da dubban irin waɗannan, sanarwar ɗaurin aure da tallar maganin dabbobi da waƙoƙi da hirar dattawa duk a cakuɗe, har da abubuwan da muka goge da gangan shekarun baya.

Babu wata manhaja da za ta yi mana sauran aikin. Raba su muka yi tsakaninmu, bayan an rufe tasha kowa ya sa abin ji a kunne, ya buɗe, ya saurara, ya raɗa suna. Makonni muka yi a kai. A nan ne wata ɗabi'ar ɗaya daga cikinmu, wadda muka sha yi masa dariya a kanta, ta yi rana. Shi duk hirar da zai ɗauka sai ya fara da faɗin ranar da garin da sunan mai magana. Nasa fayilolin cikin daƙiƙa goma ake gane su. Namu kuwa sai an tara mutum uku ana gardamar ko muryar tsohon nan na wajen Birnin Lalle ce ko ta ƙaninsa.

Mun sami kaso mafi tsoka, alhamdu lillahi. Amma akwai waɗanda suka tafi ke nan. Mafi ciwo su ne waɗanda suka dawo rabi. Za ka ji dattijo ya gyara murya yana lissafa rijiyoyin da burtali ya bi ta kansu, ya faɗi ta farko, ya faɗi ta biyu, sai kawai kalangu ya ɓarke. Daidai nan waƙar da aka maido ta sauka a kan maganarsa.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka ƙauyanci ne ya ja mana. A watan Yulin 2006, a Jihar Alaska ta Amurka, wani ma'aikaci yana cikin gyara ya wanke faifan da ke ɗauke da takardun masu neman rabonsu daga asusun man fetur na jihar. Ya kuma wanke faifan da aka ajiye kwafi a ciki. Da aka juya ga kaset ɗin ajiya sai aka tarar ba ya karantuwa. Hotunan takardu kimanin 800,000 suka salwanta. Abin da ya cece su shi ne takardun ainihi da ke cikin kwali fiye da 300, waɗanda aka sake ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci fiye da dalar Amurka 200,000.

A 1998 kuwa, a kamfanin Pixar mai yin finafinan zane, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai dace ba, kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin Toy Story 2 suka tafi ma'aikata suna kallo. Da aka duba kwafin ajiya aka ga ashe ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Wata babbar ma'aikaciya mai suna Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗe kwamfutar aka kawo ta ofis a mota, kamar dai yadda muka naɗe namu a rawani. Fim ɗin ya fito a 1999.

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kimanin giga 300 saboda ya ɗauka yana kan wata uwar garke ce alhali yana kan wata. Hanyoyin ajiyar da kamfanin ya tanada duk suka ƙi aiki yadda ake so, sai wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya fitar da su kunya. A Disamban 2021 kuma Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa fayil miliyan 34, masu nauyin tera 77, na ƙungiyoyin bincike 14, kuma manhajar da ke kula da ajiyar ce da kanta ta goge su bayan an yi mata gyara.

Akwai darasi guda da ke maimaita kansa a waɗannan labarai da namu. Kowa yana ganin yana da kwafi, babu wanda ya buɗe kwafin ya gwada kafin ranar buƙata.

Abin da muka canza

Idan ɓarna ta riga ta auku, a kashe kwamfutar nan take. Kada a sauko da komai a kanta, kada a gina sabon sashe, kada a wanke. Idan aka sa memori ko faifai kwamfuta ta ce sai an wanke shi kafin ta buɗe, a ce mata a'a. Idan memorin waya ne ko na kyamara, a zare shi, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya. Idan kuwa faifan ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ciwon a jikinsa yake, kunna shi ƙara masa rauni ne, buɗe murfinsa a cikin ƙurar nan tamu kuwa kashe shi ne. A nemi wanda ya san aikin, kuma a tambaye shi ko zai fara da kwafe faifan ɗungurungum. In ya ce babu buƙata, a nemi wani.

Kafin a taɓa sassan faifai kuwa, mun kafa wa kanmu ƙa'ida. Sai an gwada nauyin kwafi da yawan fayilolinsa da na asali an ga sun yi daidai. Sai an buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe an saurara. Sai mutum biyu sun zauna, ɗaya na dannawa ɗaya na karanta abin da kwamfuta ta rubuta da babbar murya. Sannan ba a fara irin wannan aiki sai da na'urar riƙe wuta ko batirin hasken rana, kuma ba a tafi a bar shi da dare. Wanda ya ga halin da aka shiga daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, ya san ba a dogara da wuta a ƙasar nan.

Masana suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka mai suna Peter Krogh ya yayata. Ma'anarta a riƙe kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan irin ma'aji biyu daban-daban, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam. Manomi ya san wannan tun kafin a yi kwamfuta, shi ya sa ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a rumbu ɗaya. A yanzu kundin Tarihi yana uwar garke, yana wani faifai da ke kulle a ofis wanda ba a haɗa shi sai ranar Asabar, yana kuma wani faifan da ke gidan ɗayanmu a wata unguwa. Farkon kowane wata mukan ɗauko na gidan mu kunna hira biyu ko uku mu tabbatar suna magana. Raba faifai ɗaya zuwa C da D ba ajiya biyu ba ce, domin ranar da faifan ya mutu tare za su tafi.

Muna kira ga ofisoshin magadan gari masu riƙe da takardun haihuwa, da kwamitocin filaye, da makarantu da gidajen likita, da 'yan uwanmu na sauran gidajen rediyo, kowa ya tambayi kansa yau: in faifan nan ya ƙi tashi gobe da safe, ina na biyunsa? Ga masu muryoyin tarihi irin namu kuma, akwai cibiyar CELHTO a Yamai, wadda aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka na Afirka, akwai kuma cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ya kamata a samar da hanyar da ƙananan gidajen rediyo za su riƙa kai kwafin irin waɗannan hirarraki can, domin dukiyar ƙasa ce, ta fi ƙarfin kusurwar ofis ɗaya.

Shi yaron da hannunsa ya danna ba mu kore shi ba, ba mu kuma bari ya ɗauki laifin shi kaɗai ba. Mu da muka bar aikin shekaru a faifai guda muka fi shi laifi. Yanzu shi ke riƙe da littafin da ake rubuta ranar kowane kwafi, kuma babu wanda ya kai shi tsanani a kai.

Bayan kaka wani magidanci ya zo daga wajen Kornaka a kan amalanke. Ya gaishe mu, ya ce, "Malam, an ce kuna da muryar Baba. Jikokinsa ba su san shi ba, ina so su ji." Muka duba, ashe tana cikin waɗanda suka dawo rabi. Muka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, muka kunna masa. Ya sunkuyar da kai yana saurare har inda kiɗa ya katse maganar, ya yi shiru, sannan ya ce a zuba masa haka nan a memori, rabin ma ya gode. Muka zuba masa a memori biyu, muka ce ya ba ƙanwarsa ɗaya ta ajiye a gidanta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.